Ranar da Na Rera wa 'Yan Aji Uku Amsa

Ba zan taɓa mantawa da jarrabawata ta ƙarshe a jami'a ba. Ko da ma na so in manta, akwai lauyoyi a garin Jos da suka ci alwashin ba za su bar ni ba. Yanzu furfura ta fara leƙowa, ina da ofis da ƙananan lauyoyi masu miƙewa in na shigo, amma har gobe in ina tafiya a harabar kotu na ji wani ya yi gyaran murya a bayana, sai gabana ya faɗi.

Bari in faro daga tushe. A unguwar Gangare aka haife ni, a irin gidan nan da in ka yi atishawa sai an yi maka addu'a daga ɗaki uku. Wurin karatu ɗaya ne tal a gidan, wani ɗan benci a zaure, kusa da inda kakata, Iya, take buga ƙullun masa da asuba kafin ta hura wuta. Ita kuwa Iya ba ta iya aiki da baki rufe ba. Tana da wata waƙa da ta ƙaga abarta, ba kai ba gindi, baitocin kullum canzawa suke yi: yau tsadar shinkafa, gobe maƙwabciyar da ta ari ludayi ta yi shiru. Abin da ba ya canzawa shi ne karin, da wata "ayye" da take saki a ƙarshen layi daidai lokacin da hannunta ya sauka a kan ƙullu. A gefenta na yi karatun firamare, a gefenta na yi na sakandare, har ya zama duk abin da zai shiga kaina sai ya hau kan karin nan kafin ya samu wurin zama. Lissafin sau, sunayen koguna, shekarun yaƙe-yaƙe, duk da waƙar ƙullu na haddace su.

A ɗakin jarrabawa abin bai taɓa damuna ba. Bakina a rufe, waƙar tana tafiya a ƙirji, babban yatsan ƙafa yana bugawa cikin takalmi, hannu kuma yana zuba rubutu. Ba wanda ya sani, ni kaina ban taɓa zama na yi tunani a kai ba.

Da na samu shiga jami'a karatun lauya, sai na fara jin kaina. Farar riga da baƙin wando dai kowa da su yake zuwa, doka ce, amma ni na ƙara da taye da wata jakar hannu da na saya a gwanjon Terminus, ko babu komai a ciki sai na riƙe ta. Turancina ya koma ta hanci. Daga baya aka zaɓe ni babban alƙalin kotun ɗalibai, ƙanana suna kirana Oga Siniya, suna kauce mini a baranda. (Na taɓa cin wata 'yar aji ɗaya tara don ta tauna cingam a gabana. Allah Ya yafe mini. Yanzu alƙaliya ce, ni nake rusuna mata.) A duk shekarun nan ban taɓa gaya wa kowa a makarantar abin da ake sayarwa a zauren gidanmu ba.

A aji uku ne na yi aboki ɗan Rayfield, unguwar masu hali, ya ba ni wuri a ɗakin baya na gidansu. Ga tebur, ga fitila, ga shiru, ko kukan kaza babu. Na ce yauwa, haka manyan mutane suke karatu. Na yi zangon nan cur ina karatu da ido, bakina gum. Sauran darussa na tsallake da ƙyar da jiɓin goshi, amma ɗaya ya yi ƙasa da ni: wanda ake kira Tot, wato dokar diyya idan wani ya cuci wani ko ya yi sakaci har ya jawo masa asara. Darasi ne mai tarin tsofaffin shari'o'i, kowacce da sunanta da shekararta, in ba ka haddace ba ka kaɗe. Ya zama mini kari-oba, wato bashin darasin da sai na sake zama na ci. Maimakon in sake shi da shekara ta zagayo, sai na yi ta ɗaga shi, wai ina jin kunyar a ga babban alƙali zaune cikin yara. Haka ya biyo ni har aji biyar, zangon ƙarshe, inda babu sauran wurin ɗagawa. In na ci, sunana ya shiga cikin waɗanda za a tura makarantar horar da lauyoyi tare da 'yan ajinmu. In na faɗi ko na kasa zama, sai wata shekarar. Babana kuwa tela ne a Kwararafa, kuma babu wanda ya kai masa ɗinki a shekarar da bai ji cewa ɗansa bana zai gama ba.

Dole na naɗe tabarmar girman kai na koma benci.

"Maigidan, an dawo?" in ji Iya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ashe matan Rayfield ba su iya miya ba."

Na yi dariyar yaƙe na buɗe littafi. Cikin 'yan makonni Tot ya shiga kaina tas. Kowace shari'a na yi mata baiti da Hausa a matsayin ƙofa, in na rera shi sai Turancin ya biyo baya a kan karin, da suna da shekara da hukunci. Misali, akwai tsohuwar shari'ar wata mata a ƙasar Turawa da ta tarar da dodon koɗi a cikin kwalbar lemo. Ga ƙofarta:

Mata ta sha lemo, ayye,
Dodon koɗi na gindin kwalba, ayye,
Mai kamfani bai san ta ba,
Doka ta ce maƙwabciyarsa ce, ayye.

Kada ku yi dariya tukuna, ba a zo wurin ba.

Jarrabawa ta gabato, ran nan na hau acaba daga shagon Baba zan koma gida, an ɗauke ruwa ke nan, titi sai santsi. A wata kwana babur ya zame. Ɗan acaba ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Ni kuwa da na tsaya ceton jaka, sai na dira a kan hannun dama. A asibiti suka ce ƙashi ya karye a wuyan hannu, suka naɗe ni da filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu, suka rataya mini shi a wuya. Cokali ma ya gagare ni, balle biro.

Wani da zama zai yi ya yi kuka. Ni kuwa, babban alƙali, sai na ga ƙara ce ta samu. Na je shagon buga takardu na tsaya a kan mai bugawa, littattafai a buɗe a gabana, na yi masa shiftar takardar neman alfarma har shafi huɗu. Na jawo kundin tsarin mulki, na jawo haƙƙin ɗan Adam, na yi gargaɗi a kan nuna bambanci. Na nemi a ba ni wanda zai rubuta mini amsa, a ware mini ɗaki ni kaɗai, a ƙara mini lokaci. Sannan na ƙara sharaɗi da manyan baƙaƙe, cewa mai rubutun ya rubuta abin da ya fito daga bakina kalma da kalma, ba ragi ba ƙari, don kada wani ya ɓata mini Turanci.

Dakta Gyang na kai wa. Shi ne malamin Tot, shi ne kuma mai kula da jarrabawa a tsangayar. Dattijo ne siriri, kullum cikin suwaita ruwan toka, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya karanta shafin farko, ya leƙa na ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau.

"My friend, hannu ne ya karye ko Najeriya ne ya karye?"

"Hannu ne, sa."

"To layi biyu ya isa, da takardan likita. Wa ya ce zai hana ka?"

Raina bai so ba, don da shirin muhawara na zo. (Babu abin da ke ɓata wa ɗalibin lauya rai kamar a ba shi haƙƙinsa tun bai yi faɗa a kai ba.) Ya sa hannu a kan buƙatun duka. Ya ce ƙa'ida ita ce mai rubutun ya zama wanda bai karanta lauya ba, don kada ya taimaka wa ɗalibi, saboda haka Madam Nkechi, sakatariyar ofishinsu, ita za ta yi. Har na juya zan fita ya kira ni.

"Ka taɓa amsa exam da baki?"

"A'a, sa."

"Ba ɗaya ba ne da rubutu fa. Je gida ka sa wani ya zauna, ka gwada ko question ɗaya."

Na gyara tayena da hannun hagu na ce, "Sa, ai lauya da baki yake ci."

Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da aikinsa. Ban gwada ba. Mutumin da ya yi shiftar shafi huɗu a tsaye, me kuma zai gwada?

Ranar jarrabawa gari ya tashi da hadari. 'Yan aji uku sun cika babban ɗaki maƙil, ni kuwa na wuce ta gabansu da filastata da jakata, na zagaya ta baranda zuwa ɗakin da aka ware mini, ina jin daɗi a raina cewa ko a kari-oba ma Allah bai haɗa ni benci ɗaya da yara ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da alama da can wurin ajiyar kujeru ne, an share shi an sa tebur ɗaya da kujera biyu. Ban tsaya kallon komai ba, na zauna.

Madam Nkechi ta riga ni zuwa. Mace ce mai jiki, mai fara'a, haihuwar Jos, Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwarmu gudu, sai dai mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Ta jera birukanta a tebur kamar mai shirin yaƙi. Dakta Gyang ya kawo takardar tambayoyi, ya karɓe jakata, ya ce zai riƙa leƙowa, ya tafi zagayen sauran ɗakuna.

Na karanta tambayoyin, zuciyata ta yi fari. Duk na san su. Ta ɗaya, wadda take dole a kan kowa, a kan sakaci ce, gidan su dodon koɗi. Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta kotu, na buɗe baki.

Ba abin da ya fito.

Wallahi ba mantawa na yi ba. Ina jin abin a ciki, a cunkushe, amma ƙofar ta ƙi buɗewa. In na fara waƙar a zuci, baki ya yi shiru. In na buɗe baki zan faɗa da maganar mutane, waƙar ta tsaya, komai ya tsaya tare da ita. Ashe duk shekarun nan hannu ne yake kwasowa daga ƙirji ya zuba a takarda, baki ba ruwansa, yau kuma ga hannun a rataye. Na ce, "The law." Madam ta rubuta. Na sake cewa, "The law." Ta sake rubutawa. Da na faɗa karo na uku sai ta ɗago.

"Wannan ma in sa?"

"A'a, Madam, goge biyun."

"Takardanka ya ce ba ragi ba ƙari. Dakta ya karanta mini shi." Ta rubuta na ukun.

Sai ruwa ya kece, irin ruwan Jos ɗin nan mai haɗe da ƙanƙara, a kan rufin kwano. Ga sanyi, amma gumi ya jiƙa mini kwala. Lokaci yana ta tafiya, ba komai a takarda sai kalma biyun nan a jere sau uku. Na tuna Baba a kan kekensa yana gaya wa mutane bana, bana. Tsoro ya kama ni na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga shekara guda tana zamewa ina kallo.

Madam ta ajiye biro. "My son, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Madam."

"To mene ne?"

Na sunkuyar da kai na gaya mata a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Na zaci za ta fashe da dariya, sai kawai ta ɗaga kafaɗa.

"Shi ke nan? Ni yara biyar na haifa, kuma tun ina yarinya nake choir a coci. Babu irin murya da ban ji ba. Yi abinka, ni rubutu aka ce in yi."

"Madam, don Allah kada kowa ya ji."

"Wa zai ji cikin wannan ruwa? Ni ma da ƙyar nake jin ka."

Na rufe ido. Na fara a hankali, mata ta sha lemo, ayye. Kafin in kai layi na huɗu ƙofa ta buɗe, Turanci ya taho a guje, suna da shekara da hukunci, kowa a kan layinsa. Madam ta ce, "Ɗaga murya, ba na ji!" Na ɗaga. Ta sake cewa in ɗaga, na sake ɗagawa. Hannun hagu ya lalubo tebur ya fara buga ƙullu. Jiki ya kama rangaji. Gaskiya ɗaya ce, daɗi na ji. Ban taɓa sakin waƙar nan da cikakkiyar murya ba, ko a zaure a maƙoshi nake yin ta, yau kuma ga ta a fili, shari'a na bin shari'a ba tuntuɓe. (A wannan lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi ban taɓa jin lauya irina ba.)

Abin da ban sani ba, tunda idona a rufe yake kuma kunnena cike da muryata, shi ne ruwan Jos yadda yake zuwa ba sallama haka yake tafiya. Tun ina tsakiyar tambaya ta ɗaya ya ɗauke. Madam kuwa ta duƙufa, biro yana gudu, tsoronta kada wata kalma ta kuɓuce mata.

Na kai ƙarshen wani baiti, na saki "ayye" mai tsawo, na tsaya in ja numfashi. Cikin shirun nan sai na ji wata murya ta namiji, ƙasa-ƙasa, tana saukowa daga sama.

"Oga Siniya, abeg, shekaran case ɗin nan fa? Ban kama ba."

Na buɗe ido. Na ɗaga kai, karon farko tun shigowata. Bangon da ke bayan Madam ba bango ba ne, siririn katakon filawud ne aka shafa wa fenti, kuma bai kai rufi ba, akwai kamu guda a buɗe tsakaninsa da silin. A bayansa kuwa babban ɗakin jarrabawa ne. Na zagaya ta baranda ina taƙamar na yi nisa da yara, ashe a ƙeyarsu na je na zauna.

Sai dariya ta ɓarke. Ba irin ta mutum biyu ko uku ba, ta aji guda, har filawud ɗin yana rawa. Wasu suna buga tebur. Wata murya ta mace ta ja "ayye" daidai yadda nake jan ta, sauran suka amsa. Daga baya na ji cewa masu tsaron babban ɗakin daga wata tsangaya aka aro su, ba su san Tot ba, sun ɗauka wani mai talla ne ya fake a baranda saboda ruwa. Ɗalibai ne kawai suka gane cewa mai tallan nan amsar tambaya ta ɗaya yake rabawa kyauta. Ni dai a lokacin da ƙasa za ta tsage, da hannun hagu ma zan taya ta.

Ƙofa ta buɗe, Dakta Gyang ya shigo. Ya dube ni, ya dubi saman filawud, ya dubi Madam da ta toshe baki da gefen zanenta.

"Ka gama?"

"Saura biyu, sa."

"Taso. Za ka ƙarasa a mota na."

Haka kuwa aka yi. Tsohuwar motarsa fijo tana can ƙarshen fili ƙarƙashin wata bishiya. Ni da Madam a baya, ta ɗora takarda a kan wani babban littafi a cinyarta, shi kuma a mazaunin direba, ya ɗaga gilasai duka, ya harɗe hannu yana kallon gabansa. Ya ce, "Ci gaba." Na daɗe ina kallon ƙeyarsa. Amma shekara guda ba wasa ba ce, na rufe ido na ci gaba, ina buga ƙullu a bayan kujerarsa. Har na gama bai waiwayo ba. Lokacin da na buɗe ido, 'yan aji uku sun fito, sun yi cincirindo nesa kaɗan, suna kallon babban alƙalinsu yana rangaji a cikin mota.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Bayan 'yan kwanaki aka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa, bisa zargin rarraba amsa a lokacin jarrabawa. Hukuncin wannan kuwa, mafi sauƙi a soke takardarka. Wato duk waƙar nan ta tashi a banza, shekarar da nake gudun asara ta tafi, wataƙila ma da ƙari.

Wata dattijuwar farfesa ce take shugabantar zaman, ga Dakta Gyang a gefe, ga wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Shi ne ya ɗauki abin da zafi. Ya ce haɗin baki ne tsakanina da ƙanana, in ba haka ba me ya sa na dage sai an ware mini ɗaki? Kuma wa zai yarda cewa ɗalibin shekarar ƙarshe, alƙalin ɗalibai guda, ba ya iya faɗar doka sai da waƙa? Na tashi zan kare kaina, na fara jawo kundin tsarin mulki, Farfesa ta ɗaga mini hannu.

"Ajiye wannan. Abin gwadawa ba a yi masa gardama."

Ta karɓi littafin Tot daga hannun matashin, ta buɗe tsakiya, ta yi mini tambaya a kan ɓata suna, abin da bai fito a jarrabawar ba. Ta ce in amsa da magana kamar kowa. Na tsaya, kwat a rataye a kafaɗa ɗaya saboda filasta. Na buɗe baki. Kun san abin da ya fito, kalma biyun nan ne, sannan shiru. Dakta Gyang ya yi tari ya dubi taga.

"To yi yadda ka yi ranar," in ji Farfesa.

A babban ɗaki aƙalla akwai filawud tsakanina da jama'a, a mota kuma ƙeya nake kallo. Nan kuwa ido cikin ido ne, da rana tsaka, ba ruwa ba iska. Na ɗora jakata a kan tebur, na sa hannun hagu a kanta, na rera musu ɓata suna tun daga ƙofa har ƙarshe, shari'a bayan shari'a, kowacce da shekararta. Matashin ya jawo littafin yana bi da yatsa, yana cizon leɓe. Ban san ko haushi yake dannewa ko dariya ba, ban kuma so in sani ba.

Da na yi shiru, Farfesa ta cire tabarau. "Wa ya koya maka wannan karin?"

Har bakina ya ɗauko ƙarya, zan ce wata dabarar hadda ce ta zamani da na gani a littafin Turawa. Sai na ji na gaji. Na ce, "Kakata ce, ranki ya daɗe. Masa take sayarwa a Gangare, in tana buga ƙullu take yin ta." Shekara biyar ina shiga ginin nan, ran nan ne na fara faɗar wannan maganar a cikinsa, kuma ban mutu ba.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ka gaishe ta."

Hukuncin bai yi tsawo ba. Ba su ga niyyar cuta a tare da ni ba, kuma ba ni na zaɓi ɗakin ba, don haka a duba takardata. Amma tambaya ta ɗaya an soke ta ga 'yan aji uku gaba ɗaya, sai sun sake zama sun amsa wata. Waɗanda suka yi dariya da waɗanda suka kwafa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, duk aka haɗa. Ba sai na gaya muku yadda suka rama ba. Ba zagi, ba harara, in na biyo baranda sai su kauce mini da ladabi kamar da, in na gota kaɗan sai wani ya yi gyaran murya, sauran su ɗauki karin waƙar a maƙoshi. Ban sake hawa kujerar alƙalin ɗalibai ba. Da wane baki zan ce a yi shiru a kotu?

Sakamako ya fito, na samu C. Maimakon in yi godiya in kama gabana, sai tsohon hali ya motsa, na je wurin Dakta Gyang in ji inda sauran makin suka shiga. Ya lalubo takardata ya buɗe mini. Madam Nkechi ta cika alkawari, babu abin da ta bari, dodon koɗi da maƙwabciya da komai, cikin kyakkyawan rubutu.

"Amsan ka daidai ne," in ji shi. "Amma ka ce ayye a kowane layi, ba ka kawo authority, hujjan shari'a ko ɗaya, a kai ba."

Na ce na gode, sa, na fita da baya.

Sunana ya fito cikin waɗanda za su tafi makarantar horar da lauyoyi. Na je shago na gaya wa Baba. Duk tsawon rikicin nan ban faɗa masa komai ba, ina ganin na rufa wa kaina asiri. Ya yi hamdala yana kan keke, ya ciji zare, sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "An ce muryar ba laifi."

Abin da na koya ba shi da yawa. Neman alfarma ba laifi ba ne, wanda hannunsa ya karye ya nema, haƙƙinsa ne. Amma in ka dage sai an ware maka ɗaki kai kaɗai don kana ganin ka fi ƙarfin zama cikin mutane, to kafin ka buɗe baki, ɗaga kai ka duba ko bangon ya kai rufi.